Zaɓen kansila ma namu ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Da 'yan uwana Hausawan Agege nake. Ranar zaɓen shugaban ƙasa layi har bakin titi, amma a zaɓen ƙananan hukumomi na 12 ga Yulin 2025, rumfarmu wayam, har malaman zaɓe na gyangyaɗi. Alhali kwatar layinmu da kuɗin rumfar kasuwa duk a hannun ciyaman da kansila suke.

Tun 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To, wa zai bi sawun kuɗin? Da damina ruwan kwata ya shigo shagona har ƙwauri, ya jiƙa buhun shinkafa biyu. Na tambayi maƙwabta sunan kansilanmu, kowa ya yi zuru.

Naka,
Wani mai shago, Agege, Legas