Macijin da aka kai daji, yana rayuwa kuwa?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni mai gadi ne a wani estet a Ajah nan Legas, wajen da a da duk fadama ce aka cike ta da yashi aka yi gidaje, shi ya sa damina na sauka macizai sun dinga shigo mana kenan. Satin da ya wuce gamsheƙa ta shiga ɗakin janareto, oga ya kira masu kama maciji suka sa ta a buhu, wai can dajin Epe za su sake ta, kowa na murna ba a kashe ta ba.

Ni dai abin ya tsaya min a rai wallahi. Maciji ya san unguwarsa, ya san raminsa, ya san inda ɓeraye da kwaɗi suke, in ka kai shi wuri mai nisa sai ya yi ta yawo yana neman gida, bai ci ba bai huta ba, har mota ta take shi ko shaho ya ɗauke shi ko wani ya sare shi. A Amurka an bi sawun wasu macizai masu dafi da na'urar rediyo a binciken da ya fito 1999, waɗanda aka kai nesa fiye da rabi sun mutu, waɗanda aka bari a wurinsu kuwa kaɗan ne suka mutu.

Don Allah masu wannan aikin su riƙa sakinsu a jejin da ke kusa, mu kuma mu toshe ramuka mu daina tara bola a bayan katanga, don ɓera ne ke janyo su.

Naku,
Wani mai gadi, Ajah, Legas