Zuwa ga masu kawo mana Marsandi da BMW, kan tsadar kaya da jinkirin da kuke gani

Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu, Alhazai da Malamai da Hajiyoyi, da samarinmu masu BMW. Da fatan kowa yana lafiya da iyali.

Ba mu saba rubutu irin wannan ba, aikinmu na sifana ne, amma magana ta yi yawa a gari kuma tana dawowa kunnenmu, wai garejinmu ya zama na masu kuɗi, wai muna karɓar kafin alƙalami mu riƙe mota wata da watanni, har an ce wani ya faɗa a majalisa a Tudun Wada nan Zariya cewa mun fara fifita baƙi ƴan Abuja a kan mutanen gida. Wannan ta ƙarshen ita ta fi yi mana ciwo wallahi, shi ya sa muka ce gara mu yi bayani kowa ya ji daga bakinmu.

Kowa ya san zancen dala. Kafin watan Yunin 2023 farashin gwamnati bai kai naira 500 ba, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500, ga tallafin mai da aka cire a watan Mayun 2023 wanda ya sa ɗauko kaya daga Legas zuwa Kwangila ya zama wani abu daban. Wannan ba sai mun faɗa muku ba, a kasuwa ɗaya muke cefane. Abin da yawancinku ba ku sani ba shi ne abin da ke faruwa can inda kayan suke fitowa.

Motocin nan da mu muke ɗauka a matsayin tsofaffi masu juriya, Marsandi V-boot da 190, da BMW na shekarun 1990, a Turai da Amurka yanzu sun zama kayan ajiya. Akwai masu kuɗi da aikinsu kawai tara su, yawanci mutanen da suka taso suna yara suna ganinsu ba su da halin saya, yanzu sun samu, kuma abin da suke bi shi ne wadda mitarta ba ta yi nisa ba, wadda ba a taɓa sake wa fenti ba, da takardun sabis ɗinta tun daga ranar farko. Ku ɗauki 500E misali, idan ka gan ta daga nesa V-boot ce kawai mai ɗan faɗin kafaɗa, amma injin V8 ne lita biyar a ciki kuma tare da kamfanin Porsche aka haɗa ta a Stuttgart ta Jamus a farkon shekarun 1990, dubu goma da ƴan kai aka yi gaba ɗaya. Ita 190 ɗin da malaman Samaru ke zuwa lacca da ita tana da ƴar'uwa, 2.5-16 Evolution II ta 1990, guda 502 kacal aka ƙera, yau kuɗin mai tsafta ɗaya ya fi na sabuwar Marsandi S-Class. Haka M3 ta BMW, daga samfurin E30 har E46. Na Japan ma haka, Amurka tana da doka cewa motar da ba a yi don kasuwarsu ba sai ta cika shekara 25 kafin a shigo da ita cikin sauƙi, to Nissan Skyline R34 ta 1999 ta cika a 2024, tun kafin lokacin dillalai suka saye su suka ɓoye suna jira.

Za ku ce to mu ina ruwanmu, mu da muke da 230E ko 300E ta zuwa ɗaurin aure. Ruwanku yana nan, domin manyan da ƙananan kayansu da yawa ɗaya ne, fitilu, makunnan gilashi, katakon dashbod, robobin ƙofa, hannun ƙofa, har wasu kayan ƙasa. Da can idan V-boot ta tsufa a Jamus sai ta tafi wurin masu yanka mota, a cire komai a loda a kwantena a turo mana Beljiyam da arha. Yanzu da manyan suka yi tsada sai ƙananan suka bi su, mai ita ya gwammace ya gyara ya saka a gwanjon intanet, ba a yanka su kamar da. Ɗan abin da aka yanka ɗin kuma, mutumin da muke sayen kaya a hannunsa can tun zamanin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya koma yana tsince masu kyaun yana sayar wa masu gyaran motocin ajiya a can, mu sai ya turo mana saura, kuma da sabon farashi, ba tare da ya ko sanar da mu ba sai da kaya suka iso. Ba mu zage shi ba, kasuwa ce, amma ba haka muka yi da shi ba.

Abin da ya fi ba mu wahala wayarin inji ne. Masu Marsandin wajen 1992 zuwa 1996 kun san ciwon, robar da aka naɗe wayoyin da ita tana bushewa ta farfashe da zafin inji, mota ta riƙa ɓari tana mutuwa a tsakiyar PZ. Mai kyau na asali yanzu kowa nemansa yake. Mun san akwai inda za a naɗe maka da salatif a ce an gama, a rabin kuɗinmu, kuma mun ga motocin kwastomominmu biyu uku a irin waɗannan wurare, ba mu ce komai ba. Mu dai ba za mu yi ba, ko da za a ce mun cika tsada. An leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, an leƙa Panteka a Kaduna, an aika Ladipo a Legas, abin da ake samu sau da yawa ko na jabu ne ko wanda ya fi naka lalacewa.

Wani abu kuma, tunda magana ta zo. Akwai masu yawo yanzu suna tambayar tsofaffin Marsandi da ke ajiye a gidaje, musamman na gado da aka rufe da tamfol, suna tayawa kamar kayan bola. Don Allah kafin ku sayar ku kira mu mu duba lambar jikinta, kyauta ne. Ba kowace tsohuwa ce mai daraja ba, yawancin namu sun ci hanyar Kano da Funtuwa sun ƙoshi, an sauya inji an sauya fenti, amma wata ana dacewa. Masu saye kuma kar mita ta ruɗe ku, mayar da ita baya ba wuya, ku dubi sitiyari da feda da kujerar direba. Kuma motar da ta daɗe a tsaye robobinta da hos-hos ɗinta duk sun bushe, kashe kuɗi ne ke jiranka.

Game da abin da muke yi, muna nan muna ƙoƙari, muna magana da wasu mutane a wasu wurare kuma in sha Allahu za a ga canji, ba ma so mu sa rana mu zo mu saɓa. Farashin aikin hannu ba mu taɓa shi ba.

Muna godiya ga Baba na cikin birni da ya fara kawo wa mahaifinmu Fijo 504 kafin ya koma V-boot, har yau jikokinsa nan suke kawo motocinsu, da Farfesanmu na Samaru da motarsa ta fi kowacce daɗewa a kan jak amma bai taɓa ɗaga mana murya ba, sai dai ya aiko a gaishe mu, da Hajiyarmu ta Sabon Gari da ke aiko wa yaran gareji abincin buɗa baki duk azumi. Waɗanda suka koma wani wuri ma ba mu riƙe kowa a rai ba, ƙofa a buɗe take.

Duk wanda ya ba da kafin alƙalami kuma ya gaji da jira, ya zo gareji ranar Asabar bayan la'asar mu zauna, in kuɗinsa yake so za a san yadda za a yi, in motarsa zai ɗauka ba mai hana shi.

Naku,
ƴaƴan marigayi da duk yaran gareji