Kafin Ka Biya Kuɗin DAF Ɗin Nan

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mahaifiyarka ta ce in gaishe ka.

Saƙonka ya iso, da hoton farar babbar motar DAF XF105 ɗin da ka ce ta shiga ranka. Mota ce mai kyau, ban musa ba. Sai dai na lura hoto huɗu ka turo, duk na kan motar ne da gadon kwana, babu ko ɗaya na inji. Shi ya sa na zauna rubuta maka wannan.

Kamfanin DAF ba da inji ya fara ba. Hub van Doorne ya buɗe ƙaramin wurin ƙira a Eindhoven ta ƙasar Holan a 1928, shi da ƙaninsa Wim suka yi ta ƙera bodin tirela. Sai 1949 suka fitar da motarsu ta farko, injinta ma na saye ne daga wasu kamfanoni. A 1957 suka buɗe masana'antar inji, nan ma da tsarin Leyland na Ingila suka soma. Ka ga kafin su tsaya da ƙafarsu an sha tafiya.

Injin da ya ɗaga sunansu shi ne 1160, mai silinda shida, lita 11.6. A 1973 suka ɗora shi a kan motarsu 2800, da tobo mai cusa iska da intakula mai sanyaya iska kafin ta shiga inji, abin da sauran kamfanoni suka biyo baya suka yi. Shi suka yi ta gyarawa har ya zama ATi, wato ingantaccen tsarin tobo da intakula, a 1985, ya shiga motarsu 95 da ta fito a 1987. A kan wannan injin na yi zaman yaron mota. Ina tuna maigidana a hawan Jebba, buhunan masara fal a baya, ya kashe rediyo ya karkata kunne. Daga ƙara kaɗai yake gane nozul ɗin fesa mai da ya gaji. Sifana da sukudireba sun ishe mu kwance rabin matsalarsa a gefen titi.

Kamfanin ya karye a 1993, PACCAR ta Amurka ta saye shi a 1996, shekara guda bayan nan 95XF ta fito da inji mai lita 12.6. Dangin wannan injin ne a cikin tsohuwar CF85 da ka ga ta cika tashoshinmu, kuma babu garejin manyan motoci daga Kano zuwa Legas da za ka rasa wanda ya san cikinsa, kayan gyaransa kuwa kamar gyaɗa.

Taka ɗin nan fa, injin MX ne mai lita 12.9. Ya fi ƙarfi, ya fi tsimin mai, amma kwamfuta ke tafiyar da shi, da yawansu suna shan AdBlue, ruwan nan mai rage gubar hayaƙi, kuma ba ya yafe gurɓataccen gas. Ni da kaina na taɓa kwaɗayin arha, na sayi gas ɗin jarka a bakin hanya kusa da Mokwa. Kwana uku muka yi a nan, tumatir na zubar da ruwa ta ƙasan bodi, mai kaya na kira ina jin kunyar ɗauka. Wancan ma tsohon inji ne mai haƙuri. Da irin naka ne, ban san inda za mu kwana ba.

Ban hana ka ba. Amma mota ta farko, wadda bashinta ke wuyanka, ni tsohuwar CF85 zan nuna maka. In kuma zuciyarka ta kafe a kan 105, to ka nemi mai na'urar duba kwamfuta tun kafin ciniki, ka san inda yake kwana.

Ko wacce ce, ka je da sassafe ba tare da sanarwa ba, ka dafa injin ka ji da sanyi, sannan a tayar a gabanka. Ka dubi kalar hayaƙi. Ka buɗe murfin baƙin mai ka ga ko yana huci, ka leƙa ruwan lagireto ko akwai maiƙo. Kada ka ba da ko sisi sai na zo. Ranar Asabar in Allah ya yarda zan shigo motar safe.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.