Zuwa ga Autata, kafin ki fara cika sito

Assalamu alaikum Auta, ya gida ya maigidan naki, ya baƙunta a Kaduna. Mu nan lafiya lau sai zafi, Babanku ma ƙafar da sauƙi yana gaishe ku.

Jiya da kika ce a aiko miki sauran kuloli da robobin biki ki zuba a sito wai ko wata rana za su yi amfani, shiru nayi don maganar ba ta waya bace. Da wannan ko wata ranar na cika ɗakina shekara da shekaru.

Ranar Asabar na sa yayanki ya sauko min da akwatin ƙarfen nan na saman wadrob, rabona da buɗe shi tun kafin bikin yayarku. Auta wallahi sai da nayi hawaye. Atamfa turmi 7 ko ɗinkawa banyi ba, har da 'yar Holan ɗin da Hajiya ta bani Allah ya jiƙanta, kafur ɗin da na zuba ya ƙare tuntuni danshin damina ya shiga, biyu duk sun yi ɗigo-ɗigon baƙi, ɗaya kuwa ina warware ta ta yage daidai ninki kamar takarda. Ban ɗaura ba ban bayar ba, alhali a layin nan namu akwai matan da zani ɗaya ne na sallah shine na suna shine na gaisuwar mutuwa.

Langa da kwallar jerena masu kyau na haɗa wa marainiyar da za a aurar bayan sallah, masu tsatsa 'yan gwangwan suka auna. Keken ɗinkina ne kawai na kasa, Butterfly ɗin nan mai ƙafa, kin san idona ya dena ganin kafar allura amma raina ya ƙi sakin sa.

To ranar Laraba ina dawowa daga Kantin Kwari na shiga adaidaita, wata yarinya kusa da ni ta rungume leda cike da yadi, nayi mata sallama muka gaisa hira ta ɗauko. Ashe watanta biyu da fita takaba, yara uku, ɗinki take yi da keken maƙociya sai dare in mai shi ta gama nata. Na tambaye ta 'yar gidan waye, kinji ikon Allah, jikar malamar da ta biya mana Ahalari a zaure muna 'yan mata ce, matar da bata taɓa karɓar ko sisinmu ba. Na riƙe hannunta na kasa magana har mai adaidaita yana tambaya ko lafiya.

Da daddare zuciya ta fara raya min in bata tsofaffin zannuwa kawai in bar kekena. Sai ayar nan ta 92 a Ali Imrana ta faɗo min, cewa ba za mu samu alheri ba sai mun ciyar daga abin da muke so, wadda Abu Ɗalha yana jin ta ya bada Bairuha, gonar da ya fi ƙauna a dukiyarsa. A Baƙara aya ta 267 ma an hana mu zaɓo mummuna mu bayar. Da safe yayanki ya sa wa keken mai ya sauya bel, aka ɗora a kura aka kai mata.

Dan Allah Auta in kin shiga mota ki ajiye wayar nan ki gaida wanda ke gefenki, da kaina na sunkuye da mun rabu ban san ko wacece ba. Kuma duk shekara kafin azumi ki buɗe wadrob da sito, abin da ya shekara baki taɓa ba ki wanke ki goge ki ninke ki bayar tun yana da kyansa, a sirrance yadda mai karɓa ba zai ji kunya ba. Kayan mijinki kuwa kar ki taɓa sai da izininsa.

Kula biyu zan baiwa direba ranar Juma'a, sun ishe ku ku biyu har da baƙo, sauran na riga nayi wa marainiyar alkawari. Ki riƙe azkar ɗinki safe da yamma, ki gaida min surukarki in kun je.

Ummanki