Rahoton Ayyukan Shekara: Tsaron Rayukan Masunta a Kan Ruwa

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum. Ga bayanin abin da kwamitin zartarwa ya yi da amanar da kuka ɗora masa a shekarar da ta ƙare.

Yawancin ƙarfinmu ya tafi ne a kan rigar ceto. An saya, an raba wa duk mai kwalekwalen da ya yi rajista. Amma da 'yan kwamiti suka riƙa sammako zuwa gaɓa, abin da suka gani bai yi daɗi ba: riguna a cushe a goshin jirgi an jibga musu taru, wasu ma sun zama matashin zama. Wannan ya ce zafi, wancan ya ce tana hana shi jefa taru, na uku ya ce shi a ruwa ya tashi. To, gwanin iyo ma yana nutsewa idan gefen jirgi ya buge shi a ka, ko taru ya naɗe masa ƙafa, kuma babu mai samun sukunin ɗaura riga bayan jirgi ya kife. Sai an ga rigunan a jikin mutane za mu ce aikin nan ya kammala.

Ranar 25 ga Yuli, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2021 domin yaƙi da nutsewa a ruwa, mun yi atisaye. An kifar da kwalekwale da gangan inda babu zurfi, kowa ya gwada riƙe shi. Jirgin katako yakan ci gaba da yawo a saman ruwa ko ya kife, kuma masu ceto sun fi saurin hango shi a kan kan mutum ɗaya tsakanin igiyoyin ruwa. Kada a sake shi a nufi gaɓa. Daga cikin ruwa takan yi kamar kusa. An kuma nuna dalilin kwarfe ruwa tun yana kaɗan. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma nauyi ne mai gudu, duk inda jirgi ya karkata can yake kwarara ya ƙara danne shi.

Batun yanayi ya samu ci gaba. Yanzu ana tura hasashen iska ta WhatsApp kafin fita. Mun nanata cewa babban tafki ba kogi ba ne: iska na tafiya mai nisa babu abin da ya tare ta, igiyoyin kuma gajeru ne masu tsini, suna dukan jirgi a jere. A Tafkin Biktoriya da ke Gabashin Afirka ma da dare hadari ya fi haɗuwa a tsakiyar ruwa, daidai lokacin da masunta ke can.

Littafin fita, inda ake rubuta wanda ya fita, inda ya dosa da lokacin dawowarsa, ya fara da kyau, daga baya aka yi sakaci da shi. Laifin namu ne, ba mu ɗora wa kowa alhakinsa ba.

Lodi fiye da kima kuwa har yanzu ya gagare mu, musamman ranar da kamu ya yi albarka. Kwamiti zai gabatar wa babban taro shawarar a shafa fenti a gefen kowane kwalekwale, layin da ruwa ba zai haura ba, a kuma naɗa mutum biyu masu kula da littafin fita. Kowa ya zo da rigarsa ranar taron, za a duba maɗauranta.