A shirya tattakin tarihi a Turunku yadda ya kamata

Ya Edita,

Muna roƙon fili mu ja hankalin makarantu da ƙungiyoyin matasa masu son kai ziyara Turunku, a Ƙaramar Hukumar Igabi, tsohuwar cibiyar Zazzau da ake dangantawa da Bakwa Turunku da Sarauniya Amina.

Kafin komai, a je a gaida hakimi, a nemi izini da ɗan jagora na gari, a kuma bincika halin tsaro a ranar. Lokacin da ya dace shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina ciyawa kan rufe kufai da ragowar ganuwa, duwatsu su yi santsi, macizai su yawaita.

A fita bayan sallar asuba, kada ayari ya wuce mutum 15, kowa da ruwa lita 2 da rufaffen takalmi, ba silifa ba. Sassafe ne ake ganin makwarwa da zabin daji suna kiwo, damo kuma sai rana ta ɗaga yake hawa dutse shan hantsi. Hayaniya da kiɗan waya kan kore su tun daga nesa. Kada a tura hannu cikin kogon dutse ko ƙarƙashin busasshen ganye, nan kububuwa ke laɓewa.

Babbar ɓarna kuwa tsintar tsingaro ce. Yara kan cika aljihu da shi, alhali inda aka same shi ne ke nuna wa masu bincike zamaninsa. A ɗauki hoto, a bar shi a wurin. Haka hawa ganuwa: ƙasa ce, tana zubewa da kowane taku.

Daga wasu malaman tarihi,
Kaduna