Zuwa Fatakwal, kan batun kyandir ɗin nan

Ƙofar Marusa,
Katsina.

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Abban yara da 'yan biyu. Ya ruwan Fatakwal, har yanzu bai gaji ba? Mu nan hunturu ya tattara kayansa, rana ta fara nuna hali.

Kin ce na share ki tun da kika aiko hoton kyandir ɗinki. Wallahi dariya ce ta riƙe ni, don ramin da ke tsakiyar abin nan ko Rijiyar Kusugu albarka. Kuma kin ce ba ya ƙamshi, kuma kina tambayar nawa za ki sayar. Ki bari ya fara ci tukuna, Hajjaju! Na zaɓi takarda ne don na san halinki, saƙon murya in ya wuce minti biyu ba kya kai ƙarshensa.

Kafin komai ki ajiye kofi da cokali, ki sayi ƙaramin sikeli irin na masu kek, mai nuna giram, da ma'aunin zafi mai tsinke wanda yake kaiwa digiri 100 ko fi. Na san za ki ce ido ba mudu ba ya san ƙima. To, a harkar kaki bai sani ba. Kusan duk ɓacin kyandir daga awo yake ko daga zafi.

Kaki iri uku za ki tarar. Akwai farin kaki na farafin, shi ne na kyandir ɗin shago, ya fi arha, ya fi karɓar kala da fitar da ƙamshi, amma yana tsukewa idan ya huce. Akwai na waken suya, wanda 'yan Instagram suke yayi, mai laushi ne, wasu nau'o'insa tun kusan digiri 50 suke narkewa, don haka irin waɗannan na cikin kofi ne kawai. Sai kakin zuma, mai narkewa a digiri 62 zuwa 64, mai tauri, mai jinkirin ci, da ɗan ƙamshinsa na asali. Shi ma ba sai kin sayi na kanti ba. Saƙar da masu zuma suke matsewa su ajiye gefe, ki karɓa, ki zuba a tsohuwar tukunya da ruwa, ki ɗora a wuta kaɗan har ta narke, ki tace da ƙyalle, ki bari ya kwana. Da safe kakin ya taso sama ya daskare, sai ki kankare dattin da ya manne a ƙasansa. In bai yi fes ba ki maimaita. Ki bar shi ya bushe sarai, don ɗigon ruwa a cikin kaki shi ke sa kyandir tartsatsi.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Gwaggo ta rantse kyandir mai ƙamshi za a raba wajen kamun Auta, ta ce ta gaji da bokiti da mafici. Kuma an sa biki tsakiyar bazara! Kin san Katsina a Afrilu, zafi ya haura digiri 40 a inuwa, balle ɗakin kwano, balle but ɗin mota da aka ajiye a rana. Gwaggo kuwa na waken suya take so, wai shi ta gani a waya. Na waken suya a wannan yanayi gumi yake yi, ki ga turaren ya tsattsafo a samansa ɗigo-ɗigo, ya yi laushi, lagwani ya karkace. Abin da zai jure shi ne farafin da aka ƙara wa sitiyarik asid, wanda masu haɗa man shafawa suke saye wajen 'yan kemikal: giram 100 a kilo ɗaya. Yana ƙara tauri, yana sa kalar ta yi kauri, kuma yana sa kyandir ya saki mazubi cikin sauƙi. Ko kuma a gauraya kakin zuma a ciki, kashi ɗaya cikin biyar. Na faɗa mata, ta ce ni dai ban son a fita kunya. Ke ce kaɗai take jin maganarki, don Allah ki buga mata.

Mu koma kan naki. Ki ɗora kofin a sikeli, ki mayar da shi sifiri, ki zuba ruwa zuwa inda kike son kakin ya tsaya, ki bar kamar santimita ɗaya da rabi a baki. Kaki bai kai ruwa nauyi ba, don haka abin da sikeli ya nuna ki ninka da 0.86. Ruwa giram 200 na nufin kaki wajen giram 170. Ki goge kofin ya bushe ƙayau.

Ba a ɗora kaki kai tsaye a wuta, ko a gas ko a risho. Ki sa ruwa a tukunya kamar tsawon yatsa biyu, ki sa kakin da kika yayyanka a babban gwangwani mai tsafta, ki tsoma gwangwanin cikin ruwan. Ki matse bakinsa kaɗan ya yi tsini don zubawa. Wuta ta zama matsakaiciya, ruwan ya riƙa ɓararraka a hankali ba tare da ya fantsama cikin gwangwani ba. Idan farafin ya kai digiri 85 ki sa kala, ki juya, ki sauke. Ya sauko wajen 80 ki zuba turare, ki juya a hankali minti biyu cur, da agogo. Ki zuba a kofi yana tsakanin 70 da 75. Na waken suya kuma sai ya sauko 55 zuwa 60. Na zuma kada ki bari ya wuce 85, launinsa duhu yake yi.

Batun ƙamshi, ina da tabbacin abin da kika yi: kin ɗauko turaren fesawa na Abban yara kin tuttula. Sinadarin alkohol da ke cikinsa mai saurin tashi ne, ba ya haɗuwa da kaki, kuma kusa da wuta haɗari ne. Humra ma haka, duk daɗinta, ki bar ta a jiki. Turaren mai ake so, kuma shi ma ba kowanne ba, don yawancin na 'yan kwalabe an tsinka shi da wani ruwa da kaki ba ya karɓa. Gwajin mai sauƙi ne. Ki narka kaki cokali biyu, ki ɗiga turaren, ki juya, ki ɗaga wajen haske. In ya ɓace kakin ya zauna garau, ya yi. In kin ga ƙananan ƙwayoyi sun kwanta a ƙasa, ko kakin ya yi hazo, ki mayar da shi kan madubi. Awonsa kashi 6 cikin 100 na nauyin kaki, wato giram 60 a kilo, giram 10 a kofin nan naki. Na waken suya yana ɗaukar har 8 ko 10. Ƙari a kan haka ba ya ƙara ƙamshi, sai dai ya toshe lagwani, ya kawo baƙin hayaƙi, ya kwanta a gindin kofi. Masu nauyi irin su oud, sandal, miski da banila sun fi zama a kaki, masu lemo-lemo saurin gudu suke. Sannan ki yi haƙuri, wanda na san ba ki da shi: farafin a rufe shi kwana 3 zuwa 5 kafin a kunna, na waken suya mako ɗaya zuwa biyu. Wanda aka kunna ranar da aka zuba ba ya ba da ƙamshin kirki.

Af, kin ji maƙwabciyarmu mai awara ta tashi? Sun koma wajen Ƙofar Ƙaura, an ce gidan sama. Yanzu in kin gaishe ta sai ta duba agogo. Ita kuma malamar nan tamu ta haihu, namiji, bayan mata biyar, mijin har rago biyu ya yanka, uwar miji kuwa ta ce tun farko ita ta san addu'arta ce. Ki kira ki yi barka, ta tambaye ki.

Ina muka tsaya? Ramin Kusugu. Laifin lagwani ne. Na ga alama kyandir ɗin shago kika narka, wanda ba laifi ga mai koyo, amma kika mayar da zarensa cikin kofi. Wancan zaren an yi shi ne don siririn kyandir mai faɗin santimita biyu, ba zai iya narka kofi mai faɗin bakwai ba, shi ya sa ya haƙa rami ya nutse. Ki nemi lagwanin auduga saƙaƙƙe mai ɗan ƙarfe a gindi, ana sayar da shi lamba-lamba gwargwadon faɗin kofi. Ki sayi lamba uku a jere, ki zuba kofi uku iri ɗaya, ki kunna su tare. Wanda ya dace, harshensa yana tsayawa santimita biyu zuwa uku ba rawa, kuma cikin awa biyu zuwa uku narkakken kakin ya taɓa gefen kofi ko'ina, zurfinsa bai wuce santimita ɗaya ba. In harshen ya yi tsawo yana hayaƙi, kan lagwanin ya yi baƙin dunƙule, kofin ya yi zafin da ba ya taɓuwa, lagwani ya yi girma. Kakin zuma kullum yana son lamba sama da ta farafin. Kofin da faɗinsa ya wuce santimita 9, lagwani biyu za ki sa. In za ki kitsa da kanki, zaren auduga zalla, ki tsoma a kaki ki miƙar ya bushe. Zaren roba narkewa yake ya mutu. Ki manne gindin lagwani a tsakiyar kofi da ɗigon gam, ki matse samansa tsakanin tsinken tsire biyu da kika ɗaure da roba, ki gicciya su a bakin kofi. Bayan ya daskare ki yanke, ki bar milimita 5 ko 6.

Kuma kunnawar farko ita ce mai yanke hukunci. In aka kashe kafin saman ya narke gaba ɗaya, daga nan rami ya kafu ke nan. A ƙiyasta awa ɗaya ga kowace santimita biyu da rabi ta faɗi, amma kada a wuce awa huɗu a zama ɗaya. Ki rubuta wannan a 'yar takarda ki liƙa, don masu saye kunnawa suke minti goma su hure, sannan su dawo miki da ƙorafi.

Wani ramin kuma tun kafin a kunna yake fitowa, ki ga saman ya lotsa kewaye da lagwani. Tsukewar farafin ce. Ki rage kaki kaɗan a gwangwani, idan saman ya yi fata ki huda wuri uku da tsinke kusa da lagwani, bayan ya huce ki sake narka ragowar, zafinsa ya ɗara na farko da digiri biyar, ki cike. Da hunturu kuma a nan, kofi mai sanyi yana sa layi-layi a gefe ko tsagewa, sai an ɗan ɗumama kofunan an rufe taga, a kifa kwali a kansu saboda ƙura. Ke da ba ki san hunturu ba yanzu, naki shi ne ki kashe fanka da na'urar sanyi a ɗakin, kuma kada ki sa a firiza don sauri, fashewa zai yi.

Kala kuwa, kada ki taɓa ta girki, ta ruwa ce, ƙasa za ta kwanta. Kalar zanen yara ta kaki tana rina shi da kyau amma garinta yana toshe lagwani. Ki sayi ta kyandir, ɗan ƙanƙane ya isa. Narkakken kaki yana yaudarar ido, ya fi duhu, sai ki ɗiga a farin faranti ki ga ainihin yadda zai fito. In kina son hawa-hawa, ki bari na ƙasa ya yi tauri amma da sauran ɗumi kafin ki zuba na sama. In ya yi sanyi ƙalau ba za su kama juna ba, in bai daskare ba su cakuɗe. Masu siffar fure ko ƙwallo a mazubin silikon ake yin su, da kaki mai tauri, a huda gindin mazubin da allura a zaro lagwani, a bar shi ya kwana kafin a ɓare.

Ni dai ado a bayan kofi na fi so: zanen lalle da fentin gilashi, ko dagin Arewa, ko ɗan yankin atamfar anko a ɗaure ƙasa da baki sosai. Busasshen fure da kanumfari da kirfa da ake barbaɗawa a sama suna kyau a hoto, amma da kaki ya narke sai su taso wajen harshen wuta su kama. Haka ƙwarya da ƙoƙo da roba, kada ki zuba a ciki. Kaskon da ba a yi masa rufin tangaran ba yana shan kaki har shi kansa ya kama wuta. Siririn kofin shayi yana fashewa. Gilashi mai kauri, tangaran, ko gwangwani mai murfi, su ke nan.

Murfin tukunya ya zauna kusa da hannunki duk lokacin da kike narki. In kaki ya kama wuta, ki kashe gas ki rufe, kada ki watsa ruwa, tashi zai yi har rufi. Tun gobarar babbar kasuwa ta 2021 Inna ba ta son jin kalmar kyandir a gidan nan, sai a tsakar gida ake aikin, ita kuma tana daga ƙofar ɗaki da carbi tana sa ido. Ragowar kaki kada ki zuba a makwarara, ki goge da tsohuwar jarida tun yana da ɗumi. Kuma ki kau da 'yan biyu, na san su.

In kina zuwa biki ki duba mana kofuna masu murfi a can, dozin nawa ake bari, ki gaya mini kafin Yaya ya shiga Sabon Gari a Kano, kada a saya sau biyu. Ankon kore ne, ba na son jin ƙorafi, ba ni na zaɓa ba. Inna tana gaishe ki, ta ce man ja da kika yi alkawari tun bara har yanzu yana hanya? Ki gaida Abban yara, ki ce ya ɓoye sauran turarensa.

Taki har kullum,
Aminiyarki ta Ƙofar Marusa